Habboba ta ce in dafa Alƙur'ani ranar Juma'a

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ban da zagi, ni ba mai yawan magana ba ce, rubutun nan ma sau uku ina gogewa.

Ina sakandare a Omdurman. Wata biyu ke nan da jami'an tsaro suka ɗauke yayana a ƙofar jami'a tare da wasu ɗalibai, har yau ba a bari mun gan shi ba. Kakarmu, da muke kira Habboba, tana da hawan jini, bara ta faɗi, gefenta ɗaya bai gama dawowa ba, likita ya ce a guji tayar mata da hankali. Sai Baba ya yanke cewa a ce mata yaya ya tafi arewa wajen haƙar zinariya, inda waya ba ta kamawa sosai. Da yake ba ta iya karatu ba, ni aka ɗora wa aikin, duk Alhamis in zauna bakin gadonta da waya a hannu ina karanta mata saƙon da ni na ƙirƙira, kamar daga yaya ya zo.

Abin takaici, a makaranta Ustazarmu ta Larabci tana karanta mana wani tsohon wasan kwaikwayo, inda wata baiwa ta ɓoye wa uwargijiyarta mummunan labari don kada ta mutu. Aji ya rabu biyu, wasu na cewa rahama ce, wasu na cewa ƙarya ƙarya ce. Ustaza ta ce ke mai shiru me kika gani, na sunkuyar da kai. A wasan ana rufe labule kowa ya tafi gida, ni kuwa kowace Alhamis sai na sake.

Kuma na yi kuskure. Yaya bai taɓa gaida Habboba da ladabi ba, wasan jika da kaka suke yi, yana ce mata amaryata, tsohuwa mai rowar shayi, ita kuma ta ce masa miji marar cefane. Ni saboda kunya sai na riƙa rubuta gaisuwa irin ta mutanen kirki. Makon jiya na gama karantawa, ta daɗe tana juya carbi, sannan ta ce, "Tun yaushe mijina ya koyi ladabi?" Na lura ta daina kallon wayar, fuskata take kallo. Ta ce ranar Juma'ar wannan makon da muke ciki in zo da alwala in dafa Alƙur'ani in ce yaya yana arewa.

Na gaya wa Baba da ya dawo daga aiki a unguwar Alshajara, ya hau ni da faɗa, wai ko saƙo ban iya haɗawa ba, in wani abu ya sami uwarsa ni ce sila. Mama ta ce shi ya fara ƙaryar, shi zai je ya rantse, suka kwashe kwana biyu ba sa magana. Ba wanda ya tambaye ni ko zan iya.

Rantsuwar ƙarya dai ba zan yi ba. In na ƙi zuwa, ta gane. In na faɗi gaskiya, ina tsoron ta sake faɗuwa a gabana. Yau Laraba. Wanda ya taɓa gaya wa tsohuwa marar lafiya irin wannan labari, don Allah da wace kalma ake farawa?