Rasuwar Alhaji Jatau Lawwali Wanke, Uban Masu Wankin Mota

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Masu Wanki da Ƙawata Motoci ta shiyyar Gusau, Tsafe da Bunguɗu ta sami labarin rasuwar uban ƙungiya kuma shugabanta na farko, Alhaji Jatau Lawwali Wanke, wanda Allah Ya karɓi ransa da hantsin ranar Talata a wani asibiti a Gusau, yana da shekara hamsin da tara, bayan wata bakwai yana jinyar ciwon huhu. An yi masa sutura a mahaifarsa, Wanke, bayan sallar La'asar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayi Alhaji Jatau ya fara wannan sana'a da bokiti biyu da soso a bakin tasha, lokacin da ake yi mata kallon aikin wanda ya rasa abin yi, bai kuwa bar duniya ba sai da wurinsa na unguwar Damba a Gusau ya zama makaranta, inda mafi yawan shugabanninmu na yau suka koyi aiki. A wurinsa muka san cewa garin sabulun wankin tufafi yana dusashe fenti, kuma ba a wanke mota a tsakar rana domin kumfa na bushewa ta bar tabo. Shi ya nuna mana yadda ake fitar da manja daga kushin ba tare da an baza shi ba, da yadda gawayi ke janye warin nonon da ya zube a kafet ya yi tsami. Bai taɓa ɓoye wa wani sirrin aiki ba, ko da wanda ya buɗe wuri daura da nasa.

Sai dai abin da jama'a ba za su manta da shi ba, shi ne motocin da kowa ke gudu. A shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi hanyoyinmu, duk motar da aka jawo daga wurin hari, jini ya bushe a kujerunta, ƙofar Alhaji ake kai ta. Ba ya barin ma'aikaci ya taɓa. Da kansa yake kwance kujerun, ya jiƙa su da ruwan sanyi da gishiri, domin ruwan zafi kama jini yake, wani lokacin ya yi kwana uku a kan mota ɗaya. Da wani direban Tsafe ya matsa masa ya hanzarta, amsar da ya ba shi ita ce: "Malam, wanga ba dauɗa ba ta, jinin ɗan wani na." Bai taɓa karɓar lada a kan irin wannan aiki ba.

Likitoci sun shaida wa iyalinsa cewa shekarun da ya yi yana shaƙar sinadaran wanki a cikin rufaffiyar mota sun taimaka wajen cinye masa huhu. Ya tilasta wa ma'aikatansa sanya takunkumi da safar hannu, shi kuwa yakan cire nasa, wai sai da hanci ake tabbatar da wari ya fita. Mun gani, mun yi shiru saboda girmansa, kuma wannan shiru yana damun mu a yau. Saboda haka ƙungiya ta wajabta takunkumi ga kowane mamba, babba da ƙarami, daga wannan mako.

Haka kuma, iyalinsa sun damƙa wa ƙungiya wani akwatin ƙarfe da ya adana abubuwan da ya tsinta a waɗancan motoci ba a zo nema ba: carbi, zobba biyu, tabarau, allon karatu, da takalmin jariri ƙafa ɗaya. Kowanne ya naɗe shi da takarda mai lambar motar da ranar da aka kawo ta. Duk wanda ya rasa nasa a hanya, yana iya zuwa ofishinmu na Damba ya duba.

A madadin shugaban ƙungiya, Malam Bashar Tambaya Bunguɗu, da ɗaukacin mambobi, muna miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa, Hajiya Bara'atu, da 'ya'yansa shida, da al'ummar Wanke baki ɗaya. Za a rufe wuraren wankinmu ranar Juma'a domin addu'a. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Sa hannu:
Malam Salisu Bala Tsafe
Kakakin Ƙungiya