Awa Ɗaya da Rabin da Kake Faɗa

Dutse, Jihar Jigawa.

Zuwa ga ƙanena Mu'az,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Hadiyya da yara a can Legas. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi, 'yata Mashkura ta koma makaranta, shanun Baffa Bubayero sun dawo daga kudu ba asara. Inna ce kaɗai babu lafiya, kuma saboda ita na ɗauki biro, don na gaji da waya. Da ka ji magana ta yi zafi sai ka ce sabis ya ɗauke.

Jiya ka sake ce min kada in tayar da hankalina, wai Legas zuwa Kano awa ɗaya da rabi ce a jirgi, da an kira ka sai ga ka. Mu'az, ko kunyar maimaita min wannan magana ba ka ji ba? Ita ka faɗa ranar da Baba ya rasu a Aujara. Ya cika da hantsi, aka yi masa wanka, aka yi masa sutura, ka bugo kana kuka ka ce a jira ka. A garinmu wa ya taɓa ajiye gawa don jiran wani? Amma ni, da nake yayarka, na shiga na fita, na roƙi Baffa har ya haƙura. Liman ya zauna a ƙofar gida, mutanen Ringim suka zo suka tsaya a rana, aka yi azahar, aka yi la'asar. Da dattawa suka fara gunaguni, Baffa ya ce a ɗauka. Kai kuwa sai washegari ka iso da jakarka mai taya, kana ba mu labarin cunkoson hanyar filin jirgi da yadda aka ɗage tashi. Lokacin da jirgi ke yi a sama kawai ka lissafa, kamar daga ɗakinka yake tashi ya sauka a zauren Baba. Har yau ni ake nunawa a ce ga wadda ta sa aka shanya mahaifinta. Ban yafe maka wannan ba, gara ka sani.

Abin da ya fi ƙona min rai, Inna ta yarda da lissafinka. Duk wanda ya zo duba ta sai ta ce masa ai Mu'az ba nisa ya yi ba, kafin a dafa tuwo ya iso. Tun kwana arba'in ɗin Baba ba ta sa ka a ido ba, ga shi an yi salla huɗu. Yanzu tana wajena, ƙafafunta sun kumbura, ko fura ba ta iya shanyewa. Da ta ji ƙarar jirgi sai ta ce in ɗaga mata labule.

Don haka ka zo yanzu, tana iya gane fuskarka. Jirgi ne, mota ce, wannan ya rage naka. Amma ka riƙe wannan: idan ta Allah ta kasance, ba zan sake roƙon kowa ya jira ka ba. Sai maza sun dawo daga maƙabarta zan buga maka waya.

Ka gaishe min da Hadiyya, ita ba ta yi min komai ba, da Zuhair da Radiyya. Goggo Kaltumi tana gaishe ku. Inna ma ta ce in gaishe ka, in ce maka kada ka damu, ta san kana kusa.

Yayarka,
Zulaihatu.