Sanda a Hannun Wan Miji

Kagara, ran Lahadi

Adda Suwaiba,

Salamu alaikum. Ina gaida ki da maigidanki da yara da mutanen Rabah. Ni ta, Asta. Lami maƙwabciyata ka rubutawa, ni ina hwaɗi, don wayar gidanmu ta maigida ta, kuma zancen ga ba na kunnenai ba na. Lami, rubuta yadda nac ce, kar ki gyara mani.

Adda, gudu za ni yi! Gudun gasa, gaban mutane!

An haɗa wasa tsakanin garuruwa, sati biyu bayan Sallah. Kowane gari mutum huɗu da sanda guda, guntuwa, mai jan fenti. Na hwarko shi tuƙa jirgi ga ruwan Goronyo, shi miƙa ma mai keke, mai keke shi miƙa ma macce ta yi gudu, ita ko ta miƙa ma namiji shi ida gudun har cikin Wurno. Garin da yac ci, injin ban ruwa za a ba su. Zayyanu masunci na ga jirgi, maigida ga keke. Macce ce anka rasa.

To ran Laraba karsanarmu tak kwance ta nuhi albasar mutane. Ina ɗauke da ƙwaryar nono, ban ko sauke ba nab bi ta, nat tare ta bakin kunyar gona, nono bai zube ba. Ashe maigari na zaune gindin ice shina kallo. Da marece sai ga shi gidanmu. Nai zaton Inna, uwar maigida, za ta hana. Sai tac ce, "Ku bar ta, ko ga rijiya ita ka riga kowa."

Murna nike, amma da sauran magana. Yarinyar da nike goyo wata tara gare ta, ba ta kai yaye ba. Ke da ke koya ma 'yan makaranta tsalle-tsalle, hwaɗa mani mi za ni yi. Kuma ba ni da takalmi sai silihwas.

Allah shi bar mu tare.
Ƙanwarki, Asta

Rabah, ran Alhamis

Zuwa ga ƙanwata Asta,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Mode da 'yata Habi, wadda har yanzu kunyar 'yar fari ta hana ki kiran sunanta.

Da na karanta takardarki sai da na yi guɗa a ɗakin malamai. Ga takalmin kambas na ba direba, da dogon wando na sawa ƙarƙashin zane, da gajeren hijabi. Ki fara sa takalmin tun yau, kada ki jira ranar, zai ci miki ƙafa. Ki riƙa gudu bayan asuba, kwana biyu ki huta ɗaya. Kada ki fita da ƙarfi kamar mai bin karsana. Ki fara a hankali, ki ajiye ƙarfin don ƙarshe. Ki shayar da Habi kafin ki fita, ki sha ruwa kaɗan-kaɗan. Kuma don Allah ki sauke ƙwaryar, ba a gasa da nono a ka.

Ba ki gaya mini wa za ki miƙa wa sandar ba.

Yayarki, Suwaiba

Kagara, ran Asabar

Adda,

Ina gaisuwa. Kaya sun iso, Allah shi saka da alheri. Ban iya doguwar gaisuwa yau, ki yi mani haƙuri.

Takalmin ya yi. Kwana ukku ina tahiya cikinai awa agwagwa, yara na dariya, amma yanzu ji nike kamar ƙasa ka tura ni. Ina kai gulbi in dawo ban tsaya ba. Wuyana dai ka ban mamaki, in babu ƙwarya ban san inda za ni aje kai ba.

Adda, na yi ɓarna. Jiya anka yi gwaji, duka garuruwa, ga hanyar da za a bi. Maigida yaz zo da keke yam miƙo mani sanda, nak karɓa, nat tahi. Wallahi mata bakwai muke, ban ga ƙeyar kowa ba. Wata ta Sisawa ta so ta matso, naj ji numhwashinta, nak ƙara. Mata na guɗa bakin hanya, har da wadda ke bina da ludayi tana kuwwa!

Ina kawowa wurin miƙawa sai nag ga wanda ka jirana. Wan maigida na. Babban gida. Lami ta ce in hwaɗi sunanai don takarda ta hito, ni ba ni hwaɗi, kin san shi. Da wani yaro anka sa, yaj ji ciwo ga ƙahwa, anka canza ba a hwaɗa mani ba. Mutumen da tun da anka kawo ni gidan ban taɓa kallon huskatai ba. Ko hura za ni ba shi, ƙasa nike ajewa in ja baya.

To abin da nay yi ke nan. Nat tsaya taki biyar, nad durƙusa, na aje sanda ƙasa, nac ce, "Barka da rana." Shi ko yaj juya kai gehe, yac ce, "Barka kadai." Muna nan muna gaisuwa, ta Sisawa taw wuce, ta Lahodu taw wuce. Mai usur yah hura har jijiyar wuyanai ta tashi. Yac ce ran gasa in sanda ta taɓa ƙasa an hidda garin baki ɗaya, hannu da hannu a doka.

Zayyanu ya ce shi wata guda shina tuƙi har hannuwanai sun yi kanta, ashe gaisuwa za mu Wurno. Inna ko tac ce na yi daidai, ɗiyar mutunci ba ta miƙa ma wan miji abu ido da ido.

Mi za ni yi, Adda? In na aje, na kada Kagara, babu inji, kowa ya san ni ta. In na miƙa, da wane ido za ni shiga gida?

Asta

Rabah, ran Talata

Asta,

Bayan gaisuwa. Na yi dariya har hawaye, sannan na ji tausayinki. Share ido ki saurara.

Jiya ina fitowa daga makaranta na tarar da Sajo, wan mijinki, tsaye a bakin ƙofa yana murza hula. Babur ya hau tun daga Kagara. Ya ce, "Malama, ki samo mana wani ya yi gudun a madadina. Ni ba ni iya tsayawa gaban matar Mode in miƙa mata hannu, gara a ce na tsorata." Ƙato kamar shi, gumi yake yi. Ashe ku biyu ciwo ɗaya ke damunku.

Na kai shi fili na kira 'yan ajina biyu suka nuna masa yadda masu gudun gaske ke yi. Mai karɓa ba ya fuskantar mai kawowa. Baya yake juya mata, ya soma gudu kafin ta iso, ya miƙa hannu ta baya, tafin a buɗe. Ita kuma ta ɗora kan sandar a tafin, ba tsayawa, ba taɓa hannu. Ba zai gan ki ba, ke ma ƙeya kawai za ki gani. Ya ce, "Yanzu wannan doka ta yarda?" Na ce shi ya fi sauri ma. Sau goma ya gwada, ya yar sau uku.

Abu ɗaya ya rage: dole ki yi masa magana in kin matso, don ya san lokacin buɗe hannu. Ba sai kin kira suna ba. Ki ce "Ga ta!" da ƙarfi. Ki gwada da Lami kullum, shi zai gwada da matarsa. Ki nuna wa Inna da kanki kafin ranar.

Zan zo Wurno in riƙe miki Habi.

Suwaiba

Kagara, ran Jumma'a

Adda, ina gaisuwa, ina gaisuwa!

Ya yi! Lami ka tsayawa bayan garka ta juya baya, ni in taho da muciya. Ta ce in hwaɗa maki na kusa karya mata yatsa, kuma ita ba ta sake zama wan mijin kowa. Jiya sau ashirin, ba mu yar ba ko guda.

Na nuna ma Inna. Tad daɗe tana kallo, tac ce, "Baya zai ba ki?" Nac ce baya. Tac ce, "To bayan mutum ba shi da ido." Tat tashi ta kama damun hura.

Shi dai ba mu taɓa gwadawa tare ba, kuma ba mu gwadawa. In mun haɗu ga hanya kowa ratsewa shikai kamar da. "Ga ta" ɗin nan ka ban tsoro. Ga Lami tana hita har maƙwabta su ji. Ga shi fa? Ki yi mani addu'a kar murya ta maƙale. Jibi na za a yi gasar.

Asta

Kagara, ran Litinin

Adda,

Gaisuwa. Kina can ƙarshen hanya da yarinya, kin ga shigowar wan maigida Wurno, kin ga an ɗora inji ga motar Kagara. Abin da ba ki gani ba za ni hwaɗa maki.

Murya ta maƙale. Na buɗe baki, ba abin da yah hito. Amma ya ji takalmi, yam miƙo hannu, nad ɗora, yad damƙe, yat tahi. Sanda ba ta taɓa ƙasa ba.

Ni ta nat taɓa ƙasa. Ƙahwahuna da kansu sunka durƙusa tsakiyar hanya, naj ji bakina ya ce, "Barka da rana." Ya yi nisa, Adda, gudu shikai kamar an koro shi, bai waiwayo ba. Sai naj jiyo shi can: "Barka kadai!"

Ki gaida yara.
Asta