Famfon Surukinki Ya Lalace, Inna

Assalamu alaikum Inna. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na zo miki da labarin surukinki Alhaji. Gyara kwanciya ki sha.

Kin tuna bayan haihuwar Sani, da fitsari ya ƙi tsaya mini? Kin tuna ranar da Alhaji ya sa direba ya sauke ni a ƙofar gidanki a Darmanawa da ƙullin kayana, wai ɗakinsa ba makewayi ba ne? Ke kika yi ta wanke zannuwana har aka yi mini ɗinki na warke, na koma gidansa. Kina shanya kina cewa, "Rabi, ƙyale shi, shi ma jiki gare shi."

To Inna, jikin ya waiwayo shi. Shekarun baya da aka yi masa aikin mafitsara a ƙasar waje, an sa masa wata 'yar na'ura mai tsare fitsari, da ɗan famfo a wurin da ba zan faɗa miki ba. In ya matsu sai ya latsa. Yanzu ta gaji. Babbar riga ta sha guga, wando kuwa sharkaf. Sahun gaban da yake taƙama da shi a masallacinmu na Gyaɗi-Gyaɗi ya bar wa wasu.

Likita ya ce ana iya canza ta. Sai ya kalli hannun Alhaji, wanda ko kofin shayi ba ya riƙewa don karkarwa, ya ce sabuwa ba ta da amfani sai da mai latsa masa. In babu, ya haƙura da ƙunzugu irin na jarirai. 'Ya'ya duk suka sunkuyar da kai. Wannan ba aikin ɗa ba ne. Saura wa? Saura Rabi.

Ban amsa ba, na bar shi ya dahu. Na je suna a Babban Giji, na je biki, har ta'aziyyar matar da ban sani ba sai da na je.

Jiya na amince a canza. Kada ki ce tausayi ne. Ƙunzugu yana ɓoyuwa a cikin riga, amma in famfo ne sai Alhaji ya buɗe baki ya kira ni, ko da baƙi a zaure. Ni kuwa sai na ƙarasa lomata, na wanke hannu a natse. Sai dai ba zan bari ya jiƙe a gaban mutane ba. Na san zafin wannan, kuma ba haka kika rene ni ba.

Ina kewarki, Innata. Da kina nan da mun yi dariyar nan tare har tari ya sarƙe ki.

Allah ya haskaka makwancinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Shi kuma Allah ya sa a yi aikin lafiya, ya ba shi tsawon rai, ya daɗe yana kirana.

Taki har gobe,
Rabi, kakar yara.