Matar da Ruwa Ya Tono a Kufai

Litinin, 9 ga Satumba 2024

Ruma'isa ta kawo dosiyenta, takardun neman shiga jami'a. Ni duk zatona makarantar ungozoma za ta cika, kamar yadda muka yi magana tun kafin ta ci jarabawar bak. Ashe ta canza. Wai tarihi za ta karanta a Damagaram, ɓangaren masu tonon kufai. Na ce ta maimaita. Ta maimaita: suna tona ƙasa, su fito da tukwanen mutanen da, da ƙasusuwansu, su auna, su rubuta.

Ƙasusuwansu.

Shekara goma sha tara ina wankan gawar mata a unguwarmu ta Magariya. Ban taɓa yaye zane daga jikin mamaciya ba, ƙarƙashinsa nake aiki. Abin da hannuna ya ji ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko maigidana Malam. Ni ina rufewa, ɗiyar cikina za ta je ta koyi buɗewa.

Malam ya ce shi harkar wakensa ta ishe shi, ɗiyata ce, in duba. In na yarda ya kai dosiye, in na ƙi shi ke nan. Ƙarshen wata ake rufe karɓa.

Talata, 10 ga Satumba

Ban ci tuwo ba. Da na ga ɓargo a miya sai na ture kwanon.

Alhamis, 12 ga Satumba

Ruma'isa ta roƙe ni in je in gani da idona kafin in yanke. Akwai kufan wani tsohon gari can gaba da Guci, ruwan bana ya zaftare shi, kaya sun fito fili. Tafiya iri biyu ce ake yi zuwa can.

Ta farko ta Mainassara mai motoci ce. Kar guda, babbar motar nan, yake cikawa duk Asabar, mutum sittin, da kiɗa da shinkafa. Ta biyu wata malamar jami'a ce, Madam Hinda, mutum shida kawai take ɗauka cikin motarta kat-kat, kuma sai da izinin maigari. Ruma'isa ta biyun take so.

Ni na ce ta Mainassara. Na san uwarsa, na san motarsa, matan unguwa da yawa sun je. In mota ta kafe a rairayi mutum sittin sa tura. Mutum shida cikin daji da matar da ban san asalinta ba? In wani abu ya faru wa zai ji ihunmu? Kuma wace irin mace ce wannan da take yawo bayan kaburbura.

Ta ce, "Inna, waɗancan yawon shan iska suke zuwa." Na ce shan iska ya fi tonon matattu. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Asabar, 14 ga Satumba

Nabila maƙwabciyata ta dawo daga tafiyar Mainassara da la'asar, ta shigo tana dariya ta miƙo mini salularta in kalla.

Da ban kalla ba.

Samari sun ɗauko ƙoƙon kan mutum sun ɗora a kan kututture, sun sa masa hula da tabarau. Suna layi ana ɗaukarsu hoto da shi. Wani ya sa masa sigari a haƙora. Mai yi musu jagora, wani dogo da amsa-kuwwa, yana cewa wai kan sarkin aljanu ne. Nabila kuma ta kwance bakin zane ta nuna mini duwatsun ado ja guda huɗu, ta ce a wurin ta tsinta, za ta yi wa 'yarta abin hannu.

Na ce ta fitar mini da su daga gida. Ta ji haushi, ta ce ai ba musulmi ba ne. Na ce ke kika haife su da kika sani?

Na wanke hannuna sau uku, alhali salula kawai na taɓa.

Na ce wa Ruma'isa ga karatun da take so, ta gani. Babu mai zuwa ko'ina.

Lahadi, 15 ga Satumba

Ba ta yi gardama ba. Ta yi shara, ta yi wanke-wanke, ta ɗebo ruwa. Na fi son ta yi gardama.

Laraba, 18 ga Satumba

Kwana uku ke nan. Ita ce fa ta zauna da ni shekara biyu ina karatun yaƙi da jahilci, ina da shekara arba'in da ɗaya, tana riƙe mini hannu a kan bik ina koyon rubutu. Ko sau ɗaya ba ta yi mini dariya ba. Wannan kayen da nake rubutu a ciki ma ita ta ba ni.

Na je wajen Kaka Tamu, wadda ta koya mini wankan gawa. Idonta ya tafi amma bakinta na nan. Na ba ta labari duka. Ta ce ita ma abin ya ba ta ƙyama, amma na yanke wa yarinya hukunci da laifin 'yan iskan Mainassara. Ta ce in je da matar jami'ar, in ga ƙazantarta da idona, in dawo in ƙi da hujja, yarinya ba za ta riƙe ni a zuci ba.

To. Zan je in samo hujja. Kuma cikin mutum shida idona ba zai bar kan Ruma'isa ba, wannan ma wani abu ne.

Juma'a, 20 ga Satumba

Na kira Madam Hinda da kaina. Na tambaye ta wa zai tuƙa, ƙarfe nawa za mu dawo, maza nawa, akwai wurin salla, ta san hanya in ruwa ya yanke. Ta amsa duka ba ta gaji ba. Ta ce in zo da takalmi mai rufi saboda kunama. Muryarta irin ta mutanen Tanut. Ban so ta burge ni ba.

Na daka fura, na cika bidon da ruwa, na sa farin mayafina sabo a jaka saboda rana.

Asabar, 21 ga Satumba

Mun dawo. Ƙafafuna sun kumbura. Zan rubuta gobe.

Lahadi, 22 ga Satumba

Mun tashi bayan asuba. Ni, Ruma'isa, Madam, ɗalibanta maza biyu, da wani mushe, malamin makaranta mai ritaya daga Bande, wanda bai daina zuba ba har muka isa. Madam gajeriya ce, ta kai shekaruna, hannunta kaushi kamar na mai noma. Gero ya yi kai ko'ina, ana shirin girbi.

Maigari Rabe ya tarye mu bakin gonarsa. Bai yi murna ba. Ya ce ya gaji da baƙi, motar Asabar ta tattake masa wake, ya kai kuka har ya gaji. Allah Ya taimake mu, ranar motar ba ta zo ba. Madam ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, shi ne ya sauko.

Kufan ba wani abin kallo ba ne. Tudu ne dogo wanda Madam ta ce ganuwa ce da, sai tsingaro ko'ina kamar an watsa, da baƙin kashin maƙera. Ta hana mu ɗaukar ko ƙwaya ɗaya. In mushe ya ɗaga abu sai ta ce ya mayar daidai inda ya gan shi. Na yi ta jira ta fara tono. Ba ta zo da ko fartanya ba.

Sai muka gangara kwarin da ruwa ya yanka.

Ledojin ruwa, ƙasusuwan kaji, kashin mutane a gindin kalgo, ƙuda. Ga kututturen, ga kan, hular ma tana nan. Gefen kwarin kuma sauran jikin ne rabi a waje rabi a ƙasa, an caccaka wurin da sanda ana neman duwatsun ado. Haƙarƙari a warwatse kamar kare ya yi wasa da shi.

Madam ta zagaya wurin. Can ta tsuguna ta duba ƙugun, ta ce mace ce, kuma ba tsohuwa ba.

Ban san lokacin da na yi magana ba. Na ce maza su juya baya. Mushe ya fara cewa ai Hajiya wannan ta fi shekara ɗari biyar, na ce ko dubu ce, mace ce a tsirara, ya juya. Maigari ne ya fara juyawa. Sauran suka bi shi suka hau tudu.

Maigari ya ce daga can, da ma yana so a mayar da ita ƙasa, mutanensa ne ke tsoron taɓawa. Madam ta ce abin da ya kawo ta ke nan yau, amma sai ta auna ta zana tukuna, don in an rufe an rufe ke nan. Na ce ba za a auna ta a fili ba. Na fiddo mayafina, na riƙe gefe, Madam ta ɗaura ɗaya gefen a reshen kalgo, muka yi mata inuwa da sutura. A ƙarƙashi suka yi aikin.

Ruma'isa ce ta je ta ɗauko kan. Na zuba mata ido, ina jiran ta yi ƙyama ko ta yi rawar jiki, in samu hujjata. Ta yi bisimilla, ta cire hular ta jefar, ta ɗauko shi da hannu biyu ta tallafe ƙeya. Ba wanda ya koya mata. Sai dai ta kama wajen muƙamuƙi da ƙarfi, na ce sassauta, ba tulu ba ne.

Na ga wani abu a wurin ƙugun. Na gane shi tun kafin Madam ta gane, don na sha jin irinsa a ƙarƙashin zanen matan da suka tafi ba su sauka ba. Ba zan rubuta ba.

Su sun rubuta. Madam na faɗa da faransanci, Ruma'isa na sawa a kaye, da metir na awo da ɗan buroshi. Awa biyu ina riƙe da mayafi, hannuna ya mutu.

Da suka gama maza suka haƙa rami da fartanyar maigari can sama inda ruwa ba ya kai. Ni na haɗa ta. Na fara da dama. Ban san addininta ba, ba a yi mata salla ba, Allah Ya san baiwarSa. Na naɗe ta a mayafin, ba ta fi nauyin damin kara ba. Maigari ya ce, "Allah Ya rufa miki asiri, Malama, yadda kika rufa nata." Ya aiko mana da nono.

Na dawo kaina ba mayafi, sai ɗankwali.

Litinin, 23 ga Satumba

Ƙazanta ce. Na samu hujjar da na je nema, na ga suna rubuta asirin mace a takarda.

Talata, 24 ga Satumba

Na ce Ruma'isa ta karanta mini abin da ta rubuta, ta juya shi da Hausa, kada ta tsallake komai. Ta karanta. Tsawonta, yadda aka kwantar da ita a gefe, haƙoranta lafiyayyu, hannunta na dama ya taɓa karyewa ya warke. Da ta zo wurin abin nan sai ta rage murya, amma ta karanta.

Na ce wannan ba na faɗa ba ne. Mai wanka ba ta faɗa.

Ta ce, "Inna, matan da kike wankewa suna da 'ya'ya da dangi, an san sunansu, shirunki sutura ce. Wannan ba ta da kowa. In ba mu rubuta ba, abin da zai rage nata a duniya hoton nan ne mai tabarau."

Na ce ta tashi ta ba ni wuri, baki ya yi mata yawa.

Hannun da ya karye ya warke. Wani ya ɗaure mata shi ke nan. Wani ya yi mata jinya.

Alhamis, 26 ga Satumba

Motar Mainassara ta wuce ƙofar gida ana shelar tafiyar jibi. Na fita na tare Mainassara gaban mutane, na faɗa masa abin da ban taɓa zaton zai fito bakina ba. Na ce ranar da uwarsa ta cika ni za a kira, ya tuna. Ya ce Allah Ya ba ni haƙuri, ya ja mota. Ban sani ba ko ya ji. Na dawo na yi istigfari, don bai kamata in sa uwarsa ciki ba.

Malam ya tambaye ni maganar dosiye. Na ce ina tunani.

Asabar, 28 ga Satumba

Malam ya tafi Damagaram da safe. Dosiyen ya kwana kan tabarmarsa, kusa da hularsa, da shi ya tafi. Ban ce ya ɗauka ba. Ban dai ɗauke shi daga wurin ba.

Har yanzu ina ganin aikin banza ne, kuma duk wanda ya tambaye ni haka zan ce. Ungozoma ta fi.

Bayan azahar na kira Ruma'isa ɗaki na sa sakata. Na kwantar da taɓarya a kan tabarma, na lulluɓe ta da zane. Budurwa ba ta shiga wurin wankan gawa, na sani, Kaka Tamu ma sai da na haihu biyu ta nuna mini. Amma wannan taɓarya ce. Na nuna mata yadda ake sa hannu ƙarƙashin zane ba a ɗaga shi ba, yadda ake juya mutum ba a ja shi ba, inda ake sa ido in hannu na aiki. Ta yi sau huɗu. Na farko ta yaye zanen, na buge mata hannu.

Ba don komai ba. In dai za ta taɓa mutanen nan, kada a ce ɗiyar Saliha ce ta kama su kamar tulu.

Na huɗun ya yi daidai. Ban faɗa mata ba.