Abin da Na Kifa wa Bokiti

Litinin, 4 ga Satumba

Maciji a rumbun shinkafa, da hantsi. Ƙarami, mai dabbare-dabbare ruwan ƙasa. Gabana ya faɗi, na ce mamushi ne, mai dafin nan. Na kifa masa bokiti, na ɗora dutse.

Sai bakina ya ja mini, na faɗa wa Fumie a waya. 'Yar nan tawa dama jira take. "Mama, magana ta ƙare. Shekara saba'in da takwas, ke kaɗai, ga mai dafi a gida? Asabar zan zo mu haɗa kaya, birnin Sendai za ki dawo, wurina." A gidan nan fa na haife ta.

Talata, 5 ga Satumba

Na leƙa sau shida. Dutse yana nan.

Laraba, 6 ga Satumba

Tokuji maƙwabcina ya gama yankan shinkafarsa ya zo, kwalba a hammata, sai washe baki yake, zai samu mamushin da zai jiƙa a giya. Ya danne shi da sanda, ya zura a kwalba, ya ɗaga ta a rana. Nan take ya ɓata rai.

"Haba Kiyo! Kin sa na wanke kwalba a banza. Ɗan aodaisho ne, marar dafi, mai cin ɓeraye. Gadin rumbunki ya zo yi, kika ɗaure shi kwana biyu."

Wai da ƙuruciya duk haka zanensu yake, sai sun girma su yi kore-kore. Kamar ban sani ba. Mamushi gajere ne, kakkaura, mai faffaɗan kai, ƙwayar idonsa a tsage kamar ta kyanwa. Wannan siriri, doguwar wutsiya, ƙwayar ido zagayayya. Ya miƙo kwalbar har hancina, "Duba mana, tsohuwa." Na ce e, na gani.

Na zauna a bakin rumbu ina dariya har da hawaye. Rabona da daɗi irin wannan na manta. Muka sake shi a gindin katanga, ko waiwaye bai yi ba.

Asabar, 9 ga Satumba

Fumie ta zo da kwalaye shida. Tokuji ya nuna mata hoton macijin da ya ɗauka, ya ƙara da gishiri, wai na fi shi sanin maciji. Ta koma da kwalayen cike da kabewa da gauta. Na ci shinkafa kwano biyu.

Lahadi, 17 ga Satumba

Gaskiya ban ga idon macijin nan ba ran da Tokuji ya miƙo mini kwalbar. Kan ma dishi-dishi na gan shi. Ni da nake bambance su daga tsallaken gona, shekara hamsin.

Yau a waya na tambayi Fumie ina tagar ɗakin da ta ware mini a Sendai take kallo. Ta ce gabas. Na ce tambaya kawai na yi.