Farin Goron Alhaji Ladan

Germantown, 9 ga Fabrairu, 2015

Yaya Hannatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Baban Fatihu da yara. Na ga kiraye-kirayenki. Kin san a ofishinmu a ƙofa ake ajiye waya, shi ya sa imel ya fi mini sauƙi.

Na duba cinikin bara. Yaya, mafi yawan abin da shagonki ya sayar ta shafin intanet aka saya. Mutanenmu sun gaji da neman wurin ajiye mota a Silver Spring saboda daddawa da kuka. Sun fi son su danna waya, su biya da kati, kwali ya same su a ƙofar gida. Masu zuwa da ƙafa hira ce ke kawo su, su sha shayinki, su sayi magi su tafi. Hayar shagon za ta ƙare a ƙarshen Yuni, kuma shawarata kada ki sabunta. Akwai wani sito a nan kusa da ni, kuɗinsa bai kai rabin naki ba. Daga can sai mu riƙa aika kaya.

Na kuma lura mutum kan yi oda, ya sake yi, sai ya ɓace. Ba fushi ba ne, mantuwa ce. Zan saita kwamfuta, duk wanda ya daɗe bai saya ba ta aika masa saƙo da sunanki. Amma in Turancin kamfani ne babu mai buɗewa. Ki rubuto mini yadda kike wa manyan kwastomominki magana, kowa da nasa.

A gaishe da kowa.

Ƙaninki,
Misbahu

*

Silver Spring, 12 ga Fabrairu, 2015

Misbahu auta,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, sai sanyi da ciwon baya. Tun da ka kawo mini shafin nan na koma ma'aikaciyar gidan waya, daga naɗe kwali sai liƙa takarda. Ba ƙorafi nake ba, kuɗin makarantar Fatihu daga kwalayen nan ya fito.

Maganar haya ka bar ni tukuna. Da safe in ce gaskiyarka, da yamma in kalli ƙofar nan in ji ba zan iya ba. Na kasa zama wuri ɗaya, jiya sai da na sake jera kantar yaji ba gaira ba dalili. Baban Fatihu ya ce in yi istihara in daina zagaye shago.

Saƙonnin kuwa na ji daɗin rubuta su, har dariya nake ni kaɗai. Na Dakta Maitama ka sa: "Likita, kana hana mutane gishiri kana cin kilishi a ɓoye. Sabo ya zo." Na Hajiya Hadisa mutuniyar Kumasi: "Hajiya, manjanki na kuka, ya ce kin yashe shi." Sauran suna a ƙasa.

Na Alhaji Ladan na Fort Washington ka rubuta shi daidai yadda na sa: "Angona, kwana biyu shiru. Ko ka manta da amaryarka? Farin goro ya iso, na ɓoye maka naka." Kai ba ka san shi sosai ba. Unguwarsu ɗaya da kakanmu a Kano, shi ya sa muke wasan jika da kaka. Shi da matarsa Hajiya Tayyiba ne suka fara sayen kaya ranar da na buɗe. Da, duk Juma'a in an sauko masallaci yana nan kan kujerar da ke jikin firiza, yana zaɓen goro ɗaya-ɗaya yana kushewa. Tun da gwiwa ta matsa masa 'yarsa Afnan ke yi masa oda ta waya. Kujerar na nan, kwalaye nake ɗorawa a kai.

Ka riƙa cin abinci, ba kofi kawai ba.

Yayarka,
Hannatu

*

Silver Spring, 6 ga Maris, 2015

Misbahu,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Alhaji Ladan ya rasu ranar Talata, an yi jana'iza jiya. Na rufe shago na wuni a Fort Washington wajen Hajiya. Ta riƙe hannuna ta ce, "Hannatu, angonki ya tafi."

Ka daure ka je ka yi ta'aziyya ko da ranar Lahadi ce. Allah ya jiƙansa.

Hannatu

*

Silver Spring, 14 ga Afrilu, 2015

Misbahu,

Ko sallama da ƙyar nake yi maka, amma assalamu alaikum.

Kwamfutarka ta aika wa Alhaji Ladan saƙo. Shekaranjiya, da sunana a ƙasa. Wayarsa na hannun Hajiya tun da ya rasu, kuma ba ta gani sosai, sai ta miƙa wa Afnan ta ce karanta mini, daga Hannatu ne. Yarinya ta karanta a gaban mata masu zuwa gaisuwa. Angona, kwana biyu shiru. A gaban matar da ke takaba, Misbahu. Ni da na zauna kusa da ita ranar da aka kai shi.

Afnan ce ta kira ni, da Turanci. Ta ce ta san na'ura ce, amma mahaifiyarta ta tashi ta shige ɗaki. Kafin la'asar labari ya gama gari. Hajiya Hadisa ta zo har shago ta ce, "To ni ma manjan da ya yi mini kuka, ba ke ba ce kenan?" Matar Dakta Maitama ta soke odarta. Abin da ya fi ci mini rai, wasu cewa suke na sani sarai, neman ciniki ne ya rufe mini ido.

Na ɗauki mukullin mota zan tafi Fort Washington, na kai bakin titi na dawo. Me zan ce mata? In ce ba ni ba ce? Kalmomina ne, da hannuna na rubuta su ina dariya.

Na gaya maka ya rasu. Ka je ta'aziyyar kuwa?

Hannatu

*

Germantown, 15 ga Afrilu, 2015

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ban je ba. Na ce sai aiki ya lafa, har aka kai yau. Na karanta saƙonki na rasuwar, na yi masa addu'a, amma bai zo mini a rai in cire sunansa ba. Laifina ne, ki yi haƙuri. Na dakatar da saƙonnin duka, kuma in kin amince zan goge sunansa gaba ɗaya.

Amma Yaya, kada ɓacin rai ya yanke miki shawara. Tun da muka fara saƙonnin nan, mutanen da suka daɗe da ɓacewa sun dawo, har daga Baltimore da Virginia. Muryarki suka ji suka dawo, ba ragin farashi ba. Kuskure ɗaya ne, kuma za a iya gyara shi. Masu surutu yau su ne za su yi oda in azumi ya matso, ki zuba ido.

Mai ginin shagon ya kira ni tunda ba ki ɗauki wayarsa ba. Yana son amsa kafin ƙarshen wata, akwai masu gyaran farce da ke son wurin. Shi ma mai siton ba zai jira ba.

In kina so ranar Asabar mu je wajen Hajiya tare, ni zan yi bayani.

Ƙaninki,
Misbahu

*

Fort Washington, 22 ga Afrilu, 2015

Zuwa ga 'yata Hannatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki da maigidanki da jikokina. Da hannuna nake rubutawa, ki yi haƙuri da karkacewar layi. Afnan za ta kai gidan waya.

Ƙaninki ya zo ranar Asabar shi kaɗai. Ya durƙusa ya yi ta bayanin kwamfuta, ban gane rabinsa ba. Ya ce kin rako shi har ƙofa kin kasa fitowa daga mota. Wannan ya fi saƙon ɓata mini rai.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi fushi. Na kwana biyu ba na son jin sunanki. Daga baya na sa Afnan ta ƙara girman rubutun, na karanta da kaina, kuma har yau ina karantawa. Tun da aka binne shi kowa marigayi yake ce masa, ana rage murya. Saƙonki kaɗai ne ya yi masa magana kamar yana falo zai amsa. Na san abin da zai ce ma. Zai ce goron bara ya fi.

Abin da ba ki sani ba, bai taɓa son odar wayar nan ba. In kwali ya zo sai ya juya goron ya ce ba a bar shi ya zaɓa ba. Kullum cewa yake in gwiwa ta yi sauƙi zai je ya zauna ya ja ki da faɗa.

Yaron ya ce zai goge sunansa. Kada ya goge. Goron da kika ce kin ɓoye masa, in da gaske akwai, ina so in raba shi sadaka. Amma kada ki sa shi a kwali. Zan fita takaba dab da ƙaramar salla, zan zo da kaina in zauna a kujerarsa in zaɓa.

Sai dai na ji ana cewa za ki rufe wurin. In haka ne ki sanar da ni, kada in sa Afnan ta yi tuƙin banza.

Allah ya yi miki albarka.

Uwarki,
Tayyiba

*

Silver Spring, 27 ga Afrilu, 2015

Misbahu auta,

Assalamu alaikum. Na gode da zuwan da ka yi. Jiya na koma wajen Hajiya, ni ma na fito daga motar.

Na sa hannu a takardar haya. Na san lissafinka daidai ne, kuma zan ji jiki. Shafin ka bar shi, amma daga yau babu saƙon da zai fita da sunana sai na gan shi da idona.

Ranar Asabar ka zo da wuri ka kafa mini kanta a baya. Na sauke kwalayen da ke kan kujerar, ban san inda zan zuba su ba.

Yayarka,
Hannatu